Garin Na Gaske Ne, Mugun Ne Na Tatsuniya

Na so a wannan wata mu yi maganar kayan makarantar yara, to amma wani ɗan abu ya faru a tsakar gidana da ya sa na ajiye waccan maganar sai wani jiƙon.

Ɗan ƙanina ne ya zo mini hutu, yaro ɗan shekara 9, mai surutu kamar an kunna rediyo. Ran nan da la'asar ina zaune ina tsintar shinkafa, sai ga shi ya faɗo da gudu yana haki, ya ce, "Gwaggo, kin ji abin da ya faru a Amurka? Lex Luthor ya kai hari garin su Superman, ya saki iska mai guba, mutane sai gudu suke yi!"

Na ce, "Kai tafi can, wannan ai katun ne."

Ya ce, "Wallahi Gwaggo garin yana nan, har yawan mutanensa an rubuta." Ya miƙo mini wayar yayansa.

Na karɓa na duba. Rubutun ya fara ne tamkar littafin labarin ƙasa na makaranta: sunan gunduma, jihar da take, shekarar da aka kafa ta, faɗinta, yawan jama'arta, kogin da ya bi ta gefenta. Sai kawai, ba tare da an canza murya ko an sa wata alama ba, aka zarce da cewa mugun nan ya kafa maɓoyarsa a bakin kogin, ya yi kaza ya yi kaza. Ban tsaya dogon tunani ba na mayar masa da wayar na ce, "Duk ƙarya ce, babu wani gari mai wannan suna."

Nan na tafka kuskure. Babbar 'yata tana gefe tana jinmu, ta buɗe taswira a tata wayar, ta ce, "Umma, garin fa akwai shi." Ga shi kuwa ɓaro-ɓaro, da titunansa da gadarsa. Yaron nan ya dube ni ya ce, "Ba na faɗa miki ba?" Daga wannan lokacin ya gama yanke hukunci: tunda Gwaggo ta faɗi a kan garin, to ta faɗi a kan mugun ma. Garin da ya tabbata ya zame wa ƙaryar shaida.

Wannan ya sa na zauna na bi diddigin wurin, kuma ina so ki ji abin da ke akwai na haƙiƙa tukuna, domin sai kin san shinkafar kafin ki gane tsakuwar.

Sunan wurin gundumar Massac. Gunduma a tsarin Amurka kusan kamar ƙaramar hukuma take a wurinmu, kuma wannan tana ɗaya daga cikin gundumomi 102 na jihar Illinois. Tana can ƙarshen kudancin jihar, tafiyar fiye da awa 5 a mota daga babban birnin Chicago, a gaɓar kogin Ohio. In kika haye kogin kin shiga jihar Kentucky, inda garin Paducah yake. An kafa gundumar a 1843, faɗinta bai wuce murabba'in mil 240 da 'yan kai ba. A ƙidayar 2010 an sami mutum 15,429 a cikinta, a ta 2020 kuwa suka koma 14,169. Wato raguwa ma suke yi, kamar yadda ake gani a karkara da yawa inda matasa ke tafiya birni neman aiki. Wata unguwar guda a Kano ta fi su jama'a nesa ba kusa ba. Manoma ne na masara da waken suya. Hedikwatar gundumar ita ce garin Metropolis, wanda mutanensa ba su cika dubu 6 ba a ƙidayar 2020, sai ƙananan garuruwa irin su Brookport da Joppa.

Shi kansa sunan Massac akwai 'yar tatsuniya manne da shi. Faransawa ne suka gina sansanin soja a bakin kogin a 1757, daga baya suka raɗa masa sunan wani ministansu na sojan ruwa, Massiac, sai bakin mutane ya lanƙwasa shi ya koma Massac. Amma saboda sunan ya yi kama da kalmar Turanci mai nufin kisan kiyashi, an daɗe ana baza labarin wai wani kisan gilla aka yi a wurin shi ya sa aka kira shi haka. Kin ga tun kafin a haifi waya da talabijin mutane ke yi wa gaskiya ƙarin gishiri. Harabar sansanin ita ce ta zama wurin shaƙatawa na farko mallakar jihar Illinois, a 1908.

To ina Superman ya shigo cikin maganar manoman masara?

Waɗanda suka yanka filayen garin a 1839 sun yi dogon buri. Sun zaci tunda yana bakin babban kogi zai zama ƙaton birnin kasuwanci, shi ya sa suka ba shi suna Metropolis, wato babban birni. Burin bai cika ba, gari ya tsaya ɗan ƙarami da ƙaton suna, kamar yaron da aka ɗinka wa babbar rigar babansa. Shekara kusan 100 bayan haka, a 1938, wasu samari biyu na garin Cleveland, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, suka fito da labarin wani mutum daga wata duniya mai ƙarfin da ya fi na kowa, wanda ke ɓoye kansa a matsayin ɗan jarida. Sun sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130 kacal, abin da suka yi ta nadama har tsufansu, amma wannan wani labari ne daban. Birnin da suka ƙaga masa, mai dogayen benaye irin na New York, shi ma Metropolis suka kira shi. Babu ruwansu da ɗan garin da ke bakin kogin Ohio, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Mutanen garin ne da kansu suka ga dama ta samu. A farkon 1972, lokacin da kasuwa ta ja baya, suka nemi kamfanin DC mai littattafan ya amince a riƙa kiran garinsu mahaifar Superman, kamfanin ya yarda. A watan Yunin wannan shekara majalisar dokokin jihar Illinois ta zartar da ƙuduri a kan haka. Ki lura da kyau: majalisa ta gaske, da 'yan majalisa na gaske, ta ba mutumin da ba a taɓa haifa ba garin haihuwa. Jaridar garin ma ta canza suna ta koma Metropolis Planet, don ta yi kama da Daily Planet, jaridar ƙarya da Superman ke wa aiki a cikin labarin. A 1973 suka buɗe wani babban wurin baje kolin kayan Superman da nufin ya girma ya zama filin wasanni, amma bai yi ƙarko ba aka rufe shi, saboda a shekarar ne aka shiga matsalar man fetur, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Ba su haƙura ba. Tun 1979 suke yin bikin Superman, galibi a watan Yuni, kuma a 1993 suka kafa mutum-mutuminsa na tagulla mai tsawon ƙafa 15 a gaban ginin kotun gundumar, da kuɗin da suka tara ta hanyar sayar da bulo da ake rubuta sunan mai saye a jiki.

Ni ban ga laifinsu ba ta wannan fuska. Talaka ne ya sami abin da zai jawo masa baƙi su sayi abinci su kwana a masauki. Babban mutumin da ya je can ya ɗauki hoto ya san wasa ake yi. Matsalar tana ga yaron da ke zaune a wata nahiya, wanda aka nuna masa kotu ta gaske da jarida ta gaske da ƙudurin majalisa na gaske, sannan aka ce masa ga mugun da ya kawo hari.

Shi wannan mugun, Lex Luthor, an ƙaga shi ne a 1940, mutum mai kai ƙwal ba gashi, mai kaifin ƙwaƙwalwa da baƙar zuciya. Da fari masanin kimiyya ne mahaukaci, a 1986 marubutan suka sake masa kama ya zama hamshaƙin attajiri mai kamfanoni. A shekarar 2000, daidai lokacin da Amurkawa ke zaɓen gaske tsakanin George Bush da Al Gore, sai marubutan suka sa Luthor ya ci zaɓen shugaban ƙasa a cikin littattafansu. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, kujera ɗaya. Kafin nan ma, a 1992, da suka kashe Superman a cikin labari a hannun wani dodo mai suna Doomsday, manyan jaridu da gidajen talabijin na gaske sun ɗauki abin a cikin labaransu, aka sayi littafin miliyoyi, sannan a 1993 aka dawo da shi da rai. A 2025 kuma an sake fitar da sabon fim ɗinsa, Luthor ne dai mugun, kuma ta nan yaranmu da yawa suka san shi. Wato su masu wannan sana'a da gangan suke jingina ƙagaggen labarinsu da abin da ke faruwa a duniya, domin haka ya fi daɗi kuma ya fi ciniki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar iska mai guba da yaron ya zo da ita. A bayan garin Metropolis akwai masana'antar sarrafa yuraniyom, irin ma'adinin nan da yankin Arlit na Jamhuriyar Nijar ya yi suna da shi. An gina ta tun ƙarshen shekarun 1950, ta daɗe a hannun kamfanin Honeywell, kuma ita kaɗai ce irinta a duk faɗin Amurka: tana mayar da garin ma'adinin zuwa wani sinadari da ake buƙata kafin a yi makamashin nukiliya. An sanar da dakatar da aikinta a ƙarshen 2017 saboda faɗuwar kasuwa, ta dawo aiki a 2023. A watan Disambar 2003 kuwa an sami yoyon iska mai guba daga cikinta da tsakar dare, har aka tashi maƙwabta daga barci aka kwashe su daga gidajensu. Babu wani Luthor a ciki, matsala ce ta aiki irin wadda kan faru a masana'anta. Haka nan a watan Nuwambar 2013 wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa garin Brookport ta kashe mutum 3, ta rusa gidaje. A 2022 aka rufe tashar wutar lantarki mai amfani da kwal da ke Joppa, magidanta suka rasa aiki. Waɗannan su ne labaran gundumar Massac na haƙiƙa, kuma babu mai jar alkyabba da ya sauko daga sama ya cece su. Ki ɗauka ke ce uwa a can, kina da yara a ɗaki, kika ji an ce iska mai guba ta tashi. Kina buƙatar ki san yanzu-yanzu ko wasan biki ne ko jiniyar gaske. Wanda ya cakuɗa miki biyun ya cuce ki.

Wani zai ce ai yaro ne, zai girma ya gane. Gaskiya ne yawancinsu suna ganewa. Amma akwai wata malamar nazarin halayyar yara a Jami'ar Texas, Jacqueline Woolley, da ta yi gwaji ita da abokiyar aikinta suka wallafa a 2006. Sun ƙagi wasu sunaye na abubuwan da babu su, suka gaya wa ƙananan yara. Wasu yaran aka ce musu dodanni ne ke tara abin, wasu kuma aka ce musu likitoci ko masana kimiyya ne ke amfani da shi. Yaran da aka haɗa musu abin da likita sun fi yarda cewa akwai shi. Ashe yaro ba wawa ba ne, yana duba rigar da labari ya sanyo ne kafin ya yarda da shi. In ya zo da rigar tatsuniya ya ajiye shi a gefen tatsuniya, in ya zo da rigar makaranta, da lambobi da shekaru da sunan kogi, ya karɓe shi hannu biyu. Hankalin da muke so ya yi amfani da shi, shi ne aka bi ta cikinsa aka yaudare shi.

Nan ne na ƙara jinjina wa kakanninmu. Tatsuniyarmu cike take da mugaye, ga Dodo mai cin mutane, ga Gizo sarkin wayo da matarsa Ƙoƙi, ga Kura uwar kwaɗayi. Amma ba a taɓa sako su haka nan ba. Sai dare ya yi an gama cin tuwo, kaka ta ce "ga ta nan ga ta nanku", yara su amsa, to an buɗe ƙofa kowa ya san inda aka shiga. In an gama ta ce "ƙurunƙus", ta rufe ƙofar, har ta ƙara da faɗa da bakinta cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ana ma hana yin tatsuniya da rana. Sannan garin tatsuniya ba shi da adireshi, "wani gari" ne, da "wani sarki". Ba a taɓa cewa Dodo yana bayan kasuwar garinku, kusa da rijiyar da kike ɗiban ruwa, ga yawan mutanen unguwar ba. In ma an yi haka to ba tatsuniya ake yi ba, tsoratarwa ake yi.

Ba mugunta ko rashin hankali ne kaɗai ke sa manya su faɗa wannan rami ba. A daren 30 ga Oktoban 1938, gidan rediyon CBS ya watsa wani wasan kwaikwayo na Orson Welles da aka tsara shi tamkar labarai da ɗumi-ɗuminsu, wai halittu daga duniyar Mars sun sauka a wani ƙauye na gaske mai suna Grover's Mill a jihar New Jersey. Wasu da suka kamo tashar a tsakiya sun firgita. Abin dariyar, masu bincike daga baya sun nuna jaridun lokacin sun zuzuta yawan waɗanda suka firgitan, ƙari a kan ƙari.

Wanda babu dariya a cikinsa shi ne na 2014. A 2009 wani mutum ya ƙagi wani dogon mugu marar fuska mai suna Slender Man a wata gasar haɗa hotuna ta intanet, mutane suka yi ta ƙara masa labarai ana rubuta su kamar rahoton abin da ya faru. A ƙarshen watan Mayun 2014, a garin Waukesha na jihar Wisconsin, wasu 'yan mata biyu 'yan shekara 12 suka ja ƙawarsu cikin kurmi suka caka mata wuƙa sau 19, wai don su faranta masa. Allah ya yi da sauran kwananta, ta rarrafo bakin hanya wani mai keke ya tsince ta, ta rayu. Da aka kama su a ƙafa suke tafiya, sun nufi wani gandun daji na gaske mai suna Nicolet a arewacin jihar, domin sun yarda a can gidansa yake. Dole in yi adalci in ce likitoci sun tabbatar akwai taɓin ƙwaƙwalwa a cikin lamarin, ba kowane yaro mai karanta irin wannan zai ɗauki wuƙa ba, kada wata ta tashi hankalinta. Amma ki duba ki gani, mugun na ƙarya ne, dajin na gaske, kuma dajin ne ya ba su wurin da za su nufa.

Mu ma kada mu yi saurin yi wa yara dariya. A 2004 wace ce a cikinmu ba ta ji labarin lambar waya mai kisa ba, wadda wai in ka amsa sai jini ya zubo maka? A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, mu nawa muka tashi da asuba muka yi wanka da ruwan gishiri, muka ɗura wa yara, har wasu suka kwanta asibiti wasu suka rasa ransu? Abin da ke sa irin waɗannan su shige mu shi ne a kan ambaci gari na gaske da asibiti na gaske da "wata mata 'yar unguwarmu". Salon ɗaya ne da na wayar ɗan ƙanina, tufafin ne kawai suka bambanta. Yanzu kuma da na'ura ke iya haɗa hoto da murya da bidiyon abin da bai taɓa faruwa ba, "na gani da idona" ma ta rage daraja.

Ga yadda muka ƙare da yaron. Washegari na kira shi na ce, "Zo nan, jiya na yi kuskure, garin yana nan, kai ne da gaskiya." Sai da ya washe baki, kuma na lura daga nan ne ya buɗe kunnensa. Da na tsaya a kan bakana don kada girmana ya faɗi, da na rasa shi. Na ɗauko faifai biyu na ajiye, na ba shi wake a hannu, na ce mu bi rubutun nan jimla-jimla, wadda za mu iya tabbatarwa a wani wuri daban ya jefa ƙwaya a faifan dama, wadda ba ta da mafita sai cikin littafin zane ko fim ya jefa a na hagu. Kogin Ohio, dama, ga shi a taswira. Yawan jama'a, dama. Mutum-mutumin, dama, ga hotunan mutane a tsaye a gindinsa. Da muka zo kan Luthor na ce ya nemo mini ranar da aka haife shi da asibitin, sai abin da ya samo shi ne sunan waɗanda suka zana shi da sunayen 'yan wasan da suka fito a matsayinsa. Na ce, "Mutum nawa ne suka taɓa fitowa a matsayin babanka?" Ya yi dariya ya jefa a hagu da kansa.

Maganar iska mai guba ce ta ba mu wuya, ya riƙe ƙwayar ya rasa inda zai sa ta. Na gaya masa abin da ya faru a 2003, na ce iskar ta taɓa fita da gaske, amma ba wanda aka ce ya sake ta ne ya sake ta ba. Ya yi shiru, can ya sa haƙori ya fasa ƙwayar biyu, ya jefa rabi nan rabi can. Ban hana shi kallon katun ɗinsa ba, kuma ban ƙwace wayar ba, illa dai na ja kunnen yayan nasa a kan abin da yake miƙa wa ƙanana, na kuma gaya wa mahaifiyarsa duk yadda muka yi don ta ɗora daga inda na tsaya.

Daren da zai koma gida aka ɗauke wuta, muka fito tsakar gida muka shimfiɗa tabarma, na yi musu tatsuniyar Gizo da baƙin da ya cinye wa abinci. Na buɗe ta yadda kakata ke buɗewa, na rufe ta yadda take rufewa. Ina cewa ƙurunƙus sai ya ɗago kai daga cinyata ya ce, "Gwaggo, shi Gizon a wace ƙaramar hukuma yake?" Kafin in buɗe baki ƙanwarsa 'yar shekara 6 ta ce, "Kai, faifan hagu ne."

Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar kayan makarantar da na ɗauki alkawari.